Dutsen Iyakar Da Muka Ɗora Wa Tukunya

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wata ta ce in daina ja mata rai in faɗi ko Is'haƙa ya turo magabatansa. Wata kuma ta ce tun da na fara ba ku labarina ba ta taɓa jin inda na yi laifi ba, kullum wasu ne masu laifi, ni ce 'yar gaban goshin mala'iku. Na ji haushin wannan ta biyun, har na so in toshe ta. Amma gaskiya ta faɗa, kuma yau za ta samu abin da take nema.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rumaisa'u, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata lakkwal, makarantar boko, a nan Dogon Dutsi a matsayin 'yar kwantaragi. Babana Malam Mani tela ne. Kun san teloli da ƙaryar rana, ba sai na faɗa muku ba. To Baba shi ne telan da in ya ce Laraba, Laraba ce. Na sha ganin ya mayar wa mutum yadinsa ana saura kwana goma Salla, don kawai ba ya son ya ce za a samu alhali bai tabbata ba. Ba mu da gidan siminti, ba mu da ko moto, wato babur, amma in Baba ya buɗe baki a unguwa ba a neman shaida. Da wannan yake taƙama, mu ma da shi muke ɗaga kai.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baba Jacques, tsohon malamin lakkwal, Kirista. Shekara goma sha biyar ke nan da meri, wato hukumar gari, ta yanka filayen unguwarmu, kuma mako ɗaya suka tare shi da Baba, lokacin shingen kowa zana ce. Da aka zo gina katanga, Baba ya sa aka bar wata 'yar taga a tsakiya, daidai ƙirjin babba. Ta nan kwanon nama ke wucewa ran Layya, ta nan shinkafar Nowel, Kirsimetinsu, ke shigowa, ta nan Inna da Maman Claire, matar Baba Jacques, ke musayar gishiri da gulmar unguwa. Ni da ɗiyarsu Rosine ba ma jiran taga, katangar muke hayewa.

Yau wata huɗu ke nan tagar a toshe. Inna ce ta fara cusa mata tsohon buhu, washegari muka ga an liƙe ta da laka daga can.

Abin ya faro ne da Gidiyon, yayan Rosine, ya dawo daga Yamai da niyyar gina butik biyu, wato shaguna, a gaban gidansu kafin ruwa ya sauka. Ya ɗauko magini, suka ja igiyar awo. Takardar filinsu ta ce faɗin gaban gida metir ashirin ne, su kuma goma sha takwas da rabi suka samu. Suka auna namu ta waje, suka samu ashirin da ɗaya da rabi. Kuma a kan wannan metir ɗaya da rabin ne kusan rabin zauren Baba yake, zauren da ya buga tubalinsa da hannunsa, inda kekensa na ɗinki yake.

Da ma a kowace kusurwar fili akwai ɗan dutsen siminti da masu awo ke binnewa, kansa kawai ake gani, mu borni muke ce masa. Shi ne iyaka, daga shi ake jan katanga. Gidiyon ya tsaya a ƙofar zaurenmu, da mutane uku zaune suna jiran ɗinki, ya ce an ja borni. Bai ce Baba ɓarawo ba ne, amma kowa ya ji abin da yake nufi. Ina zaune a kan tabarma ina sa maɓalli, na ga zare ya zame daga allurar Baba.

Aka yi ta zama a wajen mai unguwa, ana tashi baram-baram. A ƙarshe aka ce wani ofishin masu awon fili, inda Is'haƙa yake aiki, ya sake aunawa, kuma a zaman makon jiya Baba Jacques ya yanke maganar da kansa. Ban je ba, amma labari ya riga Baba isowa gida. An ce ya miƙe, ya hana ɗansa magana, ya ce:

"Ni nir riƙe ma Malam Mani igiya ranad da anka ja katangag ga. In kuskuren masu awon hwarko na, ba laihin kowa ba na, na bar mishi hilin. Shi dai shi ɗora hannu ga Littahinai mai tsarki, shi ce tun da anka kahwa bornin ga babu wanda yat taɓa shi daga gidanai. In ya rantse, ɗana ba shi ƙara magana."

In kuma bai rantse ba, za a rushe zaure a mayar da katanga inda takarda ta ce. Baba bai ko yi shawara ba, ya ce a sa Alhamis.

To ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ni na ja bornin.

Amma bari in bi da ku yadda kwanakin suka zo. Ran Litinin na dawo daga lakkwal da azahar, alli duk a hijabina, na tarar da Inna a bakin madafa tana tankaɗe. Ko takalmi ban cire ba ta kira ni.

"Rumaisa, taho nan. Yaron ga naki, shi anka ba awo ko?"

"Patron ɗinsu, maigidan aikinsu, anka ba, Inna. Shi na'ura kawai shika riƙewa."

"Shika riƙe na'ura, shika riƙe alƙalami. Ki hwaɗa mishi shi rubuta kuskuren masu awon hwarko na, a ƙare."

"In ba haka yag gani ba hwa?"

Ta ajiye rariya ta dube ni sama da ƙasa.

"Shi gani. Kina tsammanin rantsuwa kaɗai za ta ruhe bakin Gidiyon? Wanga yaro jastis, gaban alƙali, za shi kai mu in takarda ba ta bayanmu. Kuma in Is'haƙa ya rubuta abin da za shi kada zauren ubanki, ina za shi zamna in ya zo gaisuwa? Bisa tarkace?"

Kun dai san Is'haƙa shekara biyu yana zuwa wajena, kuma magabatansa sun shirya tasowa daga Dogon Kiriya tun watan jiya, Baba ne ya ce a dakata sai ƙura ta lafa. Inna tana son sa, ita ke ɓoye masa fura mai nono da yawa. Amma ranar na gane son nata yana da iyaka, kuma iyakar tana nan a kusurwar zaure.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara, saƙon Is'haƙa ne.

"Bonjour Rumy. Ina son ganinki bayan la'asar, ba cikin zaure ba. C'est important."

Ku ji wauta irin tawa. Na ɗauka maganar magabata ce. Na yi wanka, na sa doguwar rigata ruwan toka da Baba ya yi wa aiki a wuya, na ɗaura sabon kallabi, har da turaren da nake ɓoyewa don ƙanwata Mubaraka kada ta ƙarar da shi. Na same shi a gindin dogon yaron da ke bakin hanya, zaune a kan motonsa, da rigar aiki mai ruwan lemo, takalmansa duk jar ƙasa. Ko rigar tawa bai lura da ita ba.

"Duba nan," ya ce, ya miƙo mini wayarsa.

Hoton borninmu ne. Ya tone ƙasar gefensa don ya ga gindinsa. Kan da ke waje fari ne kamar kowane borni, amma daga inda ƙasa ta rufe, gefe guda baƙi ne wuluk, da tsaga tun daga sama har ƙasa.

"Shekara shidda ina aikin ga," ya ce yana dariya. "Na ga an ɗaure akuya ga borni, na ga an maishe shi kujera. Ban taɓa ganin wanda anka yi murhu da shi ba. Wanga an ɗora mishi tukunya, Rumy, wuta ta ci shi har ya tsage. Kuma inda ya kamata shi kasance, ƙarƙashin keken Malam na daidai."

Ni ban yi dariya ba. Na zauna a kan saiwar bishiyar da rigar tawa ta fita. Ya daina dariya, ya daɗe yana kallona.

"Kin san wani abu."

Na faɗa masa, kamar yadda zan faɗa muku yanzu.

Ranar sunan Mubaraka ne, cikin damina, ina shekara tara. Baƙi sun yi yawa, gidanmu ba zai ɗauke su ba, sai Baba Jacques ya ce a cire zanar da ke tsakani ta gaba, a haɗa filin biyu a shimfiɗa tabarmi. Gwaggonnina suka zo daga Matankari da wata ƙatuwar tukunya, suka samu duwatsu biyu na murhu, babu na uku. Unguwarmu rairayi ce zalla, duwatsu suna can gindin tudu. Aka ce ni da Rosine mu je mu samo. Mu kuwa ga wasa yana jiranmu, wa zai tafi har gindin tudu? Muka ga wani farin dutse mai kusurwa huɗu ya leƙo daga ƙasa, ruwan jiya ya jiƙa gindinsa. Muka yi ta girgiza shi har ya fito, muka mirgina shi a kan buhu muka ja. Gwaggo Babba har da sa mana albarka, ta ce ba ta taɓa ganin dutsen murhu mai kyan zama irinsa ba. Su mutanen ƙauye ne, iyakar gonarsu gamba ce da itace, ina suka san borni? Maza kuma ba sa leƙa wajen girki.

Kwana biyu ana dafa abinci a kansa. A rana ta uku na ji Baba yana faɗa wa wani baƙo yadda ake rabon fili a birni, ya ce akwai duwatsun gwamnati a kusurwoyi, duk wanda ya taɓa ɗaya sai gidan kaso. Da rana tsaka, manya suna barcin gajiya, muka mirgino shi daga toka. Amma ramin ya ɓace. An yi ruwa, an tattake wurin, amalanken jaki ta bi ta kai, ga shi babu zanar da za mu gane da ita. Muka zaɓi wani wuri, muka tona da murfin kwano, muka binne shi, baƙin gefen a ƙasa. Da kaka aka ɗaura igiya daga shi zuwa bornin baya, aka ja katanga.

Is'haƙa ya shafa kansa, wata akuya ta zo tana shinshina tayar motonsa.

"Na maida ƙasa na ruhe," ya ce. "Patron bai gani ba. Awo kawai anka tambaye mu, shi za ni rubuta. Amma in wani ya tambaye ni mi nig gani, ba ni ɓoyewa."

"Inna ta ce ka rubuta kuskuren masu awon hwarko na."

"Da ban tona ba, wataƙila in yi zaton haka. Yanzu na san ba haka na ba."

"Ko don ni?"

"Ko don ke, Rumy."

"To kai ka hwaɗa ma Baba. Ni ba ni iyawa."

"A'a. Ba ni shiga gaban Malam in hwaɗa mishi abin da ɗiyatai ya kamata ta hwaɗa mishi."

Na ce masa ashe son nasa na baki ne. Na ce in aka rushe zaure ya manta da hanyar gidanmu. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta muku ba don kunya. Bai rama ba. Ya ce in gaida Inna, ya taka moto sau uku ba ta tashi ba, sai da ya tura ta har kwana. Na tsaya ina kallonsa ina jin haushinsa, kuma na san haushin kaina nake ji.

Za ku tambaye ni, wata huɗu ana wannan rigima, me ya hana ni magana? Na tambayi kaina. Da farko na ce ai daidai muka mayar da shi, yara biyu ba za su yi kuskuren metir ɗaya da rabi ba. Da na kasa yarda da wannan, na ce ai manya za su shirya, Baba Jacques ba zai bari a kai ga rushe zaure ba. Da aka sa ranar rantsuwa, na samo wata sabuwar dabara: Baba abin da ya sani zai rantse a kai, Allah kuma ya san bai sani ba, to ina laifi? Ran Talata da wannan na yini, ina koya wa yara lissafi ina maimaita ta a zuciya. In na yi shiru, zaure zai tsaya, Inna za ta huce, magabatan Is'haƙa za su zo, babu wanda zai ƙara tona gindin borni har abada. Shirun ba ya buƙatar in yi komai, kuma na riga na saba da shi.

Sai dai kalmomin rantsuwar ba su bar ni ba. Ba cewa zai yi bai sani ba. Cewa zai yi babu wanda ya taɓa shi daga gidansa. Ni kuwa a gidansa nake, tuwonsa nake ci.

Ran Laraba da hantsi, ana hutun rabin lokaci a lakkwal, saƙon Rosine ya shigo. Tana aikin jinya a Tibiri yanzu. Tun da aka toshe taga ba mu yi magana ba, sai dai in ga ta duba hotunan da nake sawa, ita ma ta ga na duba nata.

"Rumy. Na ji gobe Baba Mani za shi rantse."

"Eh."

"Kin tuna sunan Mubaraka?"

Na rubuta "wane suna", na goge. Na rubuta "ban gane ba", na goge. Yara suna ta ihu a fili, ni ina tsaye a bakin aji kamar an dasa ni.

"Na tuna."

"Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Gidiyon. In na hwaɗa za a ce don gidanmu niy yi. Kuma ni nic ce mu kahwa shi nan, kin tuna? Nic ce nan ƙasa ta hi taushi."

Ban tuna wannan ba. Duk shekarun nan ni kaɗai nake ganin kaina da murfin kwano a hannu.

"Shi yaɗ ɗinka mini rigar batisma," ta sake rubutowa. "Ba ni son shi ɗora hannu, Rumy. Amma babanki na, ba nawa ba. Pardon."

Na sa wayar a jaka. Wata huɗu ke nan maganar da za ta ba gidansu gaskiya tana bakinta, ta riƙe ta saboda ni. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da yamma na tarar da Baba a zaure yana guga. Farar rigarsa ta Jumma'a ce a kan tebur, yana yayyafa mata ruwa da baki, garwashin dutsen guga yana ja. Fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin Gidiyon ya dawo. Bencin da Baba Jacques ke zama kullum da la'asar, yana karanta masa jarida yana fassarawa, yana nan a jingine, babu mai zama a kai.

"Gobe war haka mun huta, ɗiyata," ya ce. "Kin san ba hilin ka ci mini rai ba. Metir guda da rabi, ko kabari bai kai ba. Abin da yab ba ni haushi, Jacques na tsaye ɗanai ya ce na ja borni, bai tsawata mishi ba. Shekara sha biyat muna cin abinci ta taga guda. Wanga cin amana na."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ga sallamar Is'haƙa, ya zo wucewa ya tsaya gaida Baba kamar yadda ya saba. Ya durƙusa, suka gaisa, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Na kau da kai. Bayan ya tafi wata mata ta kawo zane a yi mata kalmasa, ni kuma na samu hanyar sulalewa cikin gida.

Alhamis ƙarfe goma aka sa. Na aika wa darektanmu cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Inna ta dama kunu tun da safe, ta zuba turaren wuta a kasko tana zagaya tsakar gida da shi. Baba ya yi wanka, ya yi alwala, ya sa farar rigar da hularsa mai ruwan ƙasa. Ina kallonsa ta labulen ɗakina. Ya shiga zaure ya ɗauko takardar fili daga cikin akwatin keke, inda yake ajiye ta a leda. Na ga ya tsaya yana shafa bangon zauren da tafin hannu.

Ban san lokacin da na fito ba, ko kallabi ban ɗaura daidai ba. Na durƙusa a bakin ƙofar zaure ta ciki.

"Baba, kada ka rantse."

Ya yi murmushi, ya ɗauka tsoro nake ji irin na mata.

"Ba abin da za shi same ni, Rumaisa. Abin da nis sani za ni hwaɗi."

"Akwai wanda ba ka sani ba."

Na faɗa masa duka, tun daga tukunyar Gwaggo Babba har murfin kwano. Ban ɗago kai ba, ƙafafunsa kawai nake kallo. Ina cikin magana ya ja kujerar keke ya zauna a hankali. Da na gama, sai na ji ƙamshin turare a bayana, ashe Inna tana tsaye da kaskonta tun tuni.

"Malam, yarinta ta," ta ce. "Kai ba ka taɓa ba, ba ka sa a taɓa ba. Wa za shi sani? Ka tahi ka yi abin da ya kai ka, ba ka da laihi, ba ka sani ba."

"Yanzu na sani, Hawwa'u."

Inna ta fara kuka, ta ce na kashe su, ta ce a ina za a sa keke, a ina mutane za su zauna, ta ce da na bari har a dawo. Baba bai dube ta ba.

"Wa yas sani bayan ke?"

"Rosine. Da Is'haƙa, shi yag ga baƙin wuta jikin bornin."

"Tun yaushe?"

"Litinin."

"Jiya ya zo nan ya gaishe ni."

Bai ƙara komai a kan Is'haƙa ba. Har yanzu da nake rubuta muku ban san me wannan maganar ke nufi ba, ko yabo ce ko an rufe ƙofa ke nan, kuma ina jin tsoron tambaya.

Ya daɗe yana kallon takardar da ke hannunsa. Na so ya zage ni, na so ma ya mare ni, duk da bai taɓa ba. Sai ya tambaye ni a hankali:

"Shekarunki nawa lokacin?"

"Tara, Baba."

"Yanzu hwa?"

"Ashirin da huɗu."

"Ta shekara tara ba ni da magana da ita. Aikenta anka yi ta samo dutsi, ta samo. Mai ashirin da huɗun ita taz zamna nan wata huɗu tana sa mini maɓalli, tana ji ina kiran Jacques maci amana."

Da mari ne da ya fi mini sauƙi. Na kifa kaina a ƙasa ina kuka, bai ce in yi shiru ba.

Ya miƙe ya cire farar rigar, ya ninke ta a kan layin gugarta, ya ajiye a kan tebur. Ya sa tsohuwar taguwarsa ta aiki mai tabon mai. Ya zare bel ɗin keke, ya kama gefe ɗaya.

"Kama nan."

Na kama. Keken yana da nauyi, ƙarfensa yana cin hannuna, muka fito da shi tsakar gida muka ajiye a gindin rumfa, kusa da turmin Inna. Tun da aka gina zauren bai taɓa fita ba. Da na waiga, na ga ramuka huɗu da ƙafafunsa suka yi a daɓe. Baba ma ya tsaya yana kallonsu.

"Ɗauko hijabinki," ya ce.

Daga ƙofarmu zuwa tasu ko taku ashirin bai kai ba, amma wata huɗu babu wanda ya taka wurin daga gidanmu. Baba yana gaba ina biye, wayata a hannu don na manta in ajiye ta. Muna isa suna fitowa za su wajen mai unguwa, Baba Jacques cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, Gidiyon a bayansa da takardu a hammata. Suka tsaya cak da suka ga Baba da taguwar aiki.

"Jacques," Baba ya ce, "ba ni rantsuwa."

Na ga bakin Gidiyon ya motsa zai yi magana, ubansa ya ɗaga masa hannu.

"Ɗiyata na da magana da kai."

Sai Baba ya matsa gefe, ya bar ni tsaye a gabansu ni kaɗai. Mata biyu masu zuwa famfo sun rage tafiya, mai shagon da ke kallonmu ya rage rediyo. Baba Jacques ya cire tabaransa, ya sunkuyo yana duban fuskata da ta kumbura.

"Rumaisa, ɗiyata, wa yat taɓa ki?"

Wata huɗu ana gaba, metir ɗaya da rabi na filinsa yana ƙarƙashin zaurenmu saboda ni, kuma ɗiyata ya ce mini. Wayata ta fara rawa a hannuna, sunan Is'haƙa a kai, ban ɗauka ba. Na durƙusa a kan rairayi, na fara daga ranar sunan Mubaraka.